Likita ya ɗage wa Baba aikin yanar ido: mu jira ko mu kai shi wani wuri?

Autar Baba

Assalamu alaikum. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ido, ko waɗanda suka taɓa jinyar tsoho a kan irin wannan.

Mahaifinmu shekararsa 78. Yana ta rufe masa idon dama gaba ɗaya, baƙin idon ya koma fari fat, na hagun ma ya fara dishi-dishi. Jikokinsa sai sun yi magana yake gane su, karatu kuwa ya daɗe da ajiyewa, kuma wannan ya fi komai damun sa. Bara aka yi wa ƙaninsa wannan aikin, ba a jima da shiga da shi ba aka fito, washegari aka cire bandeji ya ga komai tar. Da wannan zaton muka kai Baba.

Likitan ya ɗiga masa magani don ƙofar idon ta buɗe, amma ba ta buɗe sosai ba. Ya daɗe yana haskawa, sannan ya ce akwai wani farin gari-gari a bakin ƙofar idon, kuma zaruruwan da ke riƙe da madubin cikin ido sun yi rauni. Ya auna hawan idon ya sami 27 a dama. Ya ce mu zazzage masa duk magungunan da Baba ke sha, da ya ga tamsulosin na matsalar fitsari sai ya ja masa layi a takarda. Ga kuma ciwon suga da Baba ya daɗe da shi. A ƙarshe ya ce ba zai taɓa idon ba sai hawan ya sauka an kuma ɗauki hoton bayan idon, kuma ko an yi aikin ba ya yi mana alkawarin Baba zai gani kamar ƙaninsa.

Yanzu yayyena sun rabu biyu. Wasu na cewa tsoro ne kawai ya kama likitan, mu kai shi inda za a yi nan take. Ni kuma hankalina bai kwanta da gaggawar ba. Mene ne haɗin maganin fitsari da ido? Kuma in gani ba zai dawo ba, mene ne amfanin wahalar da tsoho?

Ma'aikaciyar Jinyar Ido

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ɗakin tiyatar ido nake aiki, ni ba likita ba ce, kuma ban ga idon Baba ba. Amma abin da kika zayyana kullum muna ganin irinsa, kuma tun daga farko ina gaya miki cewa likitan nan bai nuna tsoro ba. Ya duba abin da ya kamata a duba.

Sai kin san yadda aikin yake za ki gane dalilinsa. Madubin cikin ido yana zaune ne a cikin wata 'yar jaka siririya ƙwarai, jakar kuma a rataye take da zaruruwa ƙanana ta kowane gefe. Likita zai shiga ta ƙofar ido, ya yanke gaban jakar a da'ira, ya fitar da madubin da ya dushe, ko ta hanyar farfasa shi da na'urar fako ko ya fito da shi ɗungurungum ta ɗan yanka mai faɗi, sannan ya saka madubin roba a cikin jakar nan dai. Ke nan abu biyu yake buƙata: ƙofa a buɗe wangale, da jaka mai ƙwari da ba za ta ɓalle ba. A idon kawunki duka biyun sun samu. A idon Baba duka biyun akwai magana.

Farin garin nan da likita ya gani cuta ce ta tsufa da ake kira sudo-eksifoliyeshan. Wani likita ɗan ƙasar Finlan, John Lindberg, shi ya fara bayyana ta a 1917. Ɓarna uku take yi. Tana taurara naman da ke kewaye da ƙofar ido har ya ƙi buɗewa ko an ɗiga magani. Tana cinye ƙarfin zaruruwan nan, ta yadda in likita ya juya madubin da ɗan ƙarfi za su iya tsinkewa, gutsuren yanar ya faɗa can bayan ido, sai an sake wani babban aiki a ciro shi. Sannan garin yana toshe magudanar ruwan ido, hawan ido ya tashi. Ina kyautata zaton 27 ɗin da aka samu daga nan take. Duk wannan ba ya hana aiki. Akwai ƙananan ƙugiyoyi da ake maƙala wa bakin ƙofar a buɗe ta, akwai zoben roba da ake zurawa cikin jakar ya raba nauyi a kan zaruruwan da suka rage. Amma dole a tanade su a kan tebur kafin a fara. Babu abin da ya fi tayar mana da hankali a ɗakin tiyata kamar a gano rauni irin wannan bayan an riga an buɗe ido, kayan kuma ba su kusa.

Maganar tamsulosin kuwa, kin yi tambaya mai kyau, domin likitoci su kansu sai a 2005 suka tabbatar da haɗin, lokacin da David Chang da John Campbell a Amurka suka bayyana shi. Maganin yana sakin tsokar bakin mafitsara da furostet, wato naman da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, don fitsari ya wuce, to irin wannan tsokar ce ke buɗe ƙofar ido. Ita ma yana sakin ta, sai naman da ke kewaye da ƙofar ya zama laɓe-laɓe, yana kaɗawa da ruwan da ake wanke ido da shi, yana neman fitowa ta wurin yankan, ƙofar kuma tana ƙara tsukewa ana tsakiyar aiki. Don Allah kada ku dakatar wa Baba maganin da kanku. Dakatarwar ba ta tabbatar da kariya, an sha ganin matsalar a idon mutumin da ya daɗe da daina sha, kuma kuna iya jefa shi cikin riƙewar fitsari. Abin da ake so shi ne likita ya sani, kuma ya riga ya sani.

Yanzu ga abin da ya hana shi yin alkawari. Hawan ido na lafiya yawanci tsakanin 10 ne da 21. In ya daɗe a sama yana cin jijiyar gani a hankali, ba ciwo ba komai, shi ne gilakoma. Abin da ya mutu a jijiyar nan ba ya dawowa. Canza ƙwan fitila ba zai kawo haske ba in wayar ta tsinke. Haka ma suga: yana lalata ƙananan jijiyoyin jini na fatar bayan ido, yana sa tsakiyarta, inda muke karatu da gane fuska, ta kumbura da ruwa. Aikin cire yana kan iya ƙara wannan kumburin in ba a magance shi ba tukuna, da allura a cikin ido ko da leza. To yanar Baba fara ce, ta rufe hanya, likita ba ya hango jijiyar ko fatar bayan. Shi ya sa ya nemi hoto. Na'urar da ke aiki da sauti za ta nuna ko fatar bayan tana manne ko ta ɗaye, ko akwai jini a ciki, amma ba za ta faɗi ƙarfin jijiyar ba. Mutumin da ya ce miki tabbas Baba zai gani, alhali bai ga bayan idon ba, cinta kawai ya yi.

Kika ce mene ne amfanin wahalar. Yawancin tsofaffi masu irin wannan haɗin suna samun ƙari, ko da bai kai na kawu ba. Wanda haske kawai yake gani ya koma yana tafiya shi kaɗai, yana gane wanda ya shigo, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kuma sai an cire yanar sannan za a iya lura da gilakomar da sugar yadda ya kamata.

In yayyenki suna son jin ta bakin likita na biyu, babu laifi, haƙƙinku ne. Ku tafi da takardun na farkon da jakar magungunan gaba ɗaya. Kada wani ya ce a ɓoye don kada a sake ɗagewa.

Babban Yaya

Ƙanwata, Allah ya ƙara sauƙi. Abin da malama ta faɗa haka yake. Ni zan ƙara miki abu ɗaya da ya same mu da mahaifiyarmu, ko zai sa ki tambaya.

Ita matsalarta a gilashin gaban ido take, wannan fatar mai sheƙi da ke rufe da baƙin ido. Ta daɗe tana cewa in ta tashi da safe komai hazo-hazo ne, sai rana ta ɗaga ya washe. Mu duk mun ɗora wa yana. Da aka je awon aiki likita ta ce yana ba ta yin haka, wannan cutar Fuchs ce, sunan likitan Ostiriya da ya bayyana ta a 1910, kuma ta fi kama mata. Ta yi mana bayani cewa a bayan gilashin akwai wasu ƙwayoyi jere guda da ke tsotse ruwa daga cikinsa don ya zauna garau. Babban mutum yana da wajen 2,500 a kowace murabba'in milimita, suna raguwa da shekaru, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Kowane aikin cire yana yakan kashe wasu. Mai yawa ba zai ji ba. Wanda nasa suka riga suka yi kaɗan, gilashin yana iya cika da ruwa ya yi fari bayan aiki, har ta kai ga dashe.

An ƙirga na Mama da wata na'ura, aka ce suna bakin iyaka. Likitar ta shafa wani abu mai yauƙi ta kare su lokacin aikin, kuma tun kafin a fara ta gaya mana kada mu firgita in ba ta gani da wuri ba. Haka kuwa aka yi. Makonni Mama tana cikin hazo, ana ɗiga mata maganin ruwan gishiri da likita ta rubuta, tana kuka tana cewa gara da ba a taɓa ta ba. Daga baya ya washe, yanzu tana saka zare a allura da tabarau. Da ba a gargaɗe mu ba, wallahi da mun ce an lalata mata ido.

Ki tambayi likitan ko ya duba ƙwayoyin nan a idon Baba, tunda yana mai tauri ta fi cin ƙarfin na'ura. Ki kuma lura ko idon na yawan hawaye ko kwantsa, ko gashin ido na juyawa ciki yana sukar sa. Mama sai da aka yi mata maganin kwantsar gefen fatar ido kafin a ba ta rana, domin ƙwayar cuta daga nan take shiga cikin idon da aka yanka.

Dattijo Mai Ido Ɗaya da Rabi

'Yata, jikana ne ke rubuta mini wannan, ni nake faɗa. Na girmi mahaifinki da kaɗan, kuma ni aka yi wa aikin, don haka ki ji ta bakin wanda ya kwanta a kan gadon.

Ni bayan yana ina da lalacewar tsakiyar fatar bayan ido, irin ta tsufa. Likita ya gaya mini ƙarara cewa zai cire yana amma tabon da ke tsakiya yana nan. Bayan aiki ɗaki ya yi haske, launin kaya ya dawo, ina ganin matakala da bakin ƙofa, na daina tuntuɓe. Amma in na kalli fuskar mutum kai tsaye, hancinsa da bakinsa a dame suke, sai na ɗan kauda ido gefe nake kama shi. Ƙananan rubutu sun gagara har yau. Ban yi da-na-sani ba ko kaɗan, kuma dalilin shi ne an gaya mini tun farko. Na san wani tsarana da 'ya'yansa suka ɓoye masa irin wannan bayanin don kada ya karaya. Da aka buɗe idon bai sami abin da ya sa rai ba, ya shiga ɗaki ya daina magana da kowa, magani ma ya ƙi a ɗiga masa.

Ku zaunar da mahaifinku ku gaya masa abin da likita ya faɗa, ba ragi ba ƙari. Idonsa ne. Tsufa bai ɗauke masa hankali ba.

Sannan akwai abin da ku yara ba ku tunawa. Aikin nan mutum yana farke ake yi, an rufe fuska da ƙyalle, ana so ka kwanta rigingine ba motsi. A idon da ke da wahala lokacin yakan ƙaru. Mai ciwon baya, mai tari, mai haki in ya kwanta, mai rawar kai, mai nauyin ji da ba zai ji an ce ya tsaya cik ba, duk a gaya wa likita kafin ranar. Ni saboda fitsari na fi jin tsoro, na faɗa, aka bar ni na zaga dab da shiga. Ku sa ya riƙa gwada kwanciya rigingine a gida da ƙyalle mara nauyi a fuska, ku ga iya jimirinsa.

Mai Jinyar Inna

Ban musa abin da aka faɗa ba, amma ina jin tsoron kada a ɗauki jira a matsayin magani. Innata haka aka yi ta ce mata a bari yanar ta ƙosa, a bari suga ya daidaita, a dawo wani lokaci. Wata rana cikin dare idon ya yi ja, ciwon kai ya sa ta amai. Ashe yanar ce ta kumbura ta toshe hanyar ruwa, hawan idon ya yi sama ƙwarai. Kafin a yi aikin gaggawa jijiyar ta riga ta tafi. Idon yana nan garau a gani, amma ba ta ganin komai da shi.

Don haka 'yar'uwa, ki yarda da shiri, amma ki nemi a faɗa miki iyakarsa. Hawan ya sauka zuwa nawa? Yaushe za a sake aunawa? In maganin ɗigawa bai saukar ba, sai me?

Ma'aikaciyar Jinyar Ido

Mai Jinyar Inna, Allah ya ba Inna haƙuri, kuma gaskiya kika faɗa. Maganar a jira yana ta ƙosa ta zamanin da ce, lokacin da ake ciro madubin da jakarsa gaba ɗaya. Yau jinkiri ƙara wahala yake yi. Yanar da ta yi tauri ta koma ruwan ƙasa tana buƙatar ƙarfi, ƙarfin kuma a kan zaruruwan nan raunana yake sauka. Farar da ta cika da ruwa kuma jakarta kan tsage da zarar an huda, shi ya sa ake rina jakar da shuɗin launi don likita ya ga gefenta. Shirin da ake yi wa irin idon Baba na makonni ne, bai kamata ya zama na shekara ba. In kafin ranar idon ya yi ja da ciwo mai tsanani, ko ciwon kai da amai, kada a jira ranar alƙawari, a tafi a lokacin.

Na manta ban tambaya ba, Autar Baba: yana shan maganin tsinka jini, irin su asfirin ko wafarin? In yana sha a gaya wa likita. Sau da yawa ba a dakatar da su don wannan aikin, kuma dakatarwa ba da izini ba tana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Autar Baba

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba Dattijo, na karanta wa Baba saƙonku da bakina. Ya yi shiru, sannan ya ce a yi, ko hanyar banɗaki ya riƙa gani shi kaɗai ya gode wa Allah.

Mun koma. Hawan ya sauka zuwa 18 da maganin ɗigawa. Hoton ya nuna fatar bayan idon dama tana manne, babu jini. Ƙwayoyin gilashin da Yaya ya ce in tambaya, an duba, an ce da saura. Sai dai a idon hagu, wanda muke ganin shi ne mai lafiya, wani hoton fatar bayan ido da ake kira OCT ya nuna suga ya fara kumbura tsakiya, kuma jijiyarsa ma hawan ya ɗan taɓa ta. Za a fara masa allura a hagun. An sa ranar aikin dama, likita ya ce zobe da ƙugiyoyi suna nan a ajiye. Asfirin yana sha, an ce ya ci gaba. Yayyena sun sauko.

Abin da ke damuna yanzu bayan aikin ne, don ni zan zauna da shi. Me zan fi sa wa ido?

Ma'aikaciyar Jinyar Ido

Alhamdu lillahi. Kin ga ba don shirin nan ba da hagun ya ci gaba da lalacewa ba wanda ya sani.

Ga mai gilakoma, awon washegarin aiki ba na wasa ba ne, domin hawan kan yi tsalle a sa'o'in farko, jijiyar da ta riga ta raunana kuma ba ta jure wannan. Maganin kumburi da za a ba shi, mai sitiroyid, yana ƙara wa wasu hawan ido bayan 'yan makonni, don haka kada ku tsallake awo ko da yana gani lafiya. Ki tambayi likita a rubuce wanne daga magungunan gilakomar zai ci gaba da shi a idon da aka yi wa aiki, na hagun kuma kada a dakatar. Kwalaben za su yi yawa, ki manna wa kowace alama, ki bar kamar minti biyar tsakanin ɗigo da ɗigo don kada na biyu ya wanke na farko. Ki wanke hannu, bakin kwalba kada ya taɓa ido. Ya riƙa kwana da murfin kariya, tsofaffi suna murza ido cikin barci ba su sani ba. Sugar kuma a ci gaba da aunawa.

Abubuwan da za su sa ku koma asibiti a ranar, ko dare ne: ciwo mai ƙaruwa maimakon raguwa, gani ya ragu bayan ya fara gyaruwa, ja da kumburi da ruwan kwantsa mai yawa, ko ya ce yana ganin walƙiya, ko baƙaƙen ɗigo masu yawa farat ɗaya, ko wani duhu na rufowa daga gefe.

Ko bayan shekaru ma akwai abu biyu. In gani ya sake dushewa a hankali, galibi bayan jakar ne ya yi hazo, ana huda shi da leza cikin mintuna ba tare da yanka ba. In kuma ya ce abubuwa na rawa, ko yana ganin gefen madubin, ko gani ya canza farat ɗaya, to zaruruwan ne suka ƙara saki madubin robar ya goce, wannan kuma masu farin garin nan sun fi fuskantar sa. Duk likitan idon da zai gan shi nan gaba, ki gaya masa sunan cutar, kuma ki tabbata an rubuta ta a katinsa tare da tamsulosin ɗin, don ranar da za a zo aikin yanar hagu.